Godiya bayan zaman wayar da kai kan magungunan neman haihuwa

Assalamu alaikum. Mu likitocin mata da ungozomomi da muka shirya zaman ranar Asabar muna miƙa godiya ga iyayenmu mata, da 'yan'uwanmu masu neman haihuwa da suka daure suka yi tambaya a bainar jama'a, da Mai Unguwa da ya ba mu wuri, da Malam Liman da ya ja kunnen dangin miji kan gorin haihuwa. Allah Ya saka da alheri. An roƙe mu mu rubuta abin da aka tattauna saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.

Tambaya ta fi yawa a kan Clomid, wanda ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba. Yadda aka saba bayarwa shi ne miligiram 50 kullum na kwana 5, a fara tsakanin rana ta 2 da ta 5 da zuwan al'ada, kuma ba a wuce wata 6 ana sha. Aikinsa sa ƙwai ya fita kawai. Macen da hanyoyin ƙwanta suka toshe, ko wadda matsalar daga mijinta take, ko shekara ta yi tana sha babu abin da zai canza. Yana kuma iya rage kaurin bangon mahaifa. Wadda ta fara gani dishi-dishi ko walƙiya a ido ta dakatar da shi ta ga likita.

Allurar tayar da ƙwai, irin wadda ake yi kafin dashen ciki (haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, sannan a dasa a mahaifa), ta fi shi ƙarfi. Idan gidan ƙwai ya amsa fiye da kima sai ya kumbura, ruwa ya riƙa tsiyaya daga jijiyoyin jini yana taruwa a ciki, wani lokaci har ƙirji, jinin ya yi kauri ya iya daskarewa. Alamomin su ne ciki ya ɗaure, amai, fitsari ya ragu, numfashi ya yi wuya, nauyi ya ƙaru da kilo 1 cikin kwana ɗaya. Ya fi kama mata masu ƙuruciya da masu ciwon PCOS (ciwon gidan ƙwai da ke rikita al'ada da fitar ƙwai), kuma idan cikin ya shiga yakan tsananta. Wannan ba na jiƙo ba ne, a tafi asibiti ko cikin dare.

Inda muka fi daɗewa shi ne maganar tagwaye. Mun san darajar Hassan da Husaini a wurinmu, kuma wanda ya kashe miliyoyi yana son a dasa masa biyu ko uku don kada kuɗinsa ya tafi a banza. Sai dai fiye da rabin tagwaye ana haifarsu kafin mako 37, 'yan uku kuwa kusan duka. Bakwaini na fama da numfashi da sanyi da kasa kama nono, ga kwalbar jarirai ba kowane asibiti ke da ita ba. Uwar kuma haɗarin hawan jini, jijjiga, ciwon suga na ciki da zubar jini bayan haihuwa yana ƙaruwa. Shi ya sa muke cewa a dasa ɗaya, a daskarar da sauran.

Idan ciki ya samu, a yi hoto a mako na 6 zuwa 7 don a tabbatar yana cikin mahaifa, a kuma ƙirga 'ya'yan. A fara awo da wuri. Awon jini ya kai 140 bisa 90, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, kada a jira ranar awo.

Game da yaran, tun haihuwar Louise Brown, jaririya ta farko da aka samu ta dashen ciki, a Ingila a 1978 an haifi miliyoyi ta wannan hanya, akasarinsu lafiya lau. Akwai ɗan ƙarin haɗarin ƙarancin nauyi da naƙasar haihuwa, wani ɓangarensa daga dalilin rashin haihuwar ne da shekarun iyaye. A fara shan folik asid tun kafin ciki ya shiga.

Godiya ta musamman ga magidantan da suka zo suka zauna har ƙarshe. Gwajin maniyyi ya fi duk gwajin mace sauƙi da araha, kwana 2 zuwa 7 ba tare da kusantar iyali ba sai a bayar, kuma da shi ya kamata a fara kafin a ɗora wa uwargida magani. Allah Ya ba masu nema zuri'a ɗayyiba, Ya sauki masu ciki lafiya.