Yadda Na Gyara Gidan Gadonmu na Asawase Don Rage Zafi da Kuɗin Wuta

Gidanmu na Asawase, a birnin Kumasi, irin gidajen zango ne da kowa ya sani: ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, bangon bulo, rufin kwano, kowane ɗaki da ƙofa ɗaya da taga ɗaya, dukansu suna fuskantar ciki. Da magada suka ɗora mini nauyin gyaransa, na ƙudurta cewa aikin zai wuce fenti da tayil, domin abin da ya fi gallabar mutanen gidan shi ne zafin Fabrairu da Maris, da katin mita da ke ƙarewa tun wata bai raba ba.

Tsarin da na dogara da shi daga Jamus ya fito, ana kiransa Passivhaus. Wolfgang Feist da Bo Adamson ne suka tsara shi a 1988, aka kammala gidan farko a Darmstadt a 1991, cibiyar da ke kula da ƙa'idojinsa kuma aka kafa ta a 1996. Sharuɗɗansa masu tsauri ne. Ɗumama gida ba zai ci fiye da kilowat-awa 15 a kowace murabba'in mita a shekara ba, kuma idan aka ɗaura fankar gwaji a bakin ƙofa, iskar da ke sulalewa ta kafofi cikin awa guda ba za ta wuce 0.6 na iskar gidan ba. Tsofaffin gidaje suna da nasu ma'aunin mai sassauci, EnerPHit, inda aka yarda iskar da ke sulalewar ta kai 1.0.

Sai dai su sanyi suke yaƙa, mu kuwa rana da laima ne matsalarmu. Abin da na fahimta shi ne, a Kumasi dole mutum ya zaɓa wa kowane ɗaki hanya ɗaya: ko a yi masa inuwa a buɗe shi iska ta ratsa, ko a toshe shi ruf a sa na'urar sanyaya ɗaki. Wanda ya kunna na'ura alhali tagogin luba suna zubar da sanyin waje, yana ɗibar ruwa ne da kwando.

Da rufi muka fara, domin muna kusa da ikweta, layin da ya raba duniya kudu da arewa, rana tana tsayawa a kanmu, kwano kuma yakan haura digiri 60 da tsakar rana. Muka sa farin kwano, muka shimfiɗa takardar gwangwani mai mayar da zafi a ƙarƙashinsa tare da barin rata, sannan muka jera audugar gilashi mai hana zafi ratsawa a kan silin. A ƙolin rufin muka bar kafa mai raga domin iskar da ta yi zafi ta fice. Kafintan, dattijo ne da ya yi wa mahaifinmu aiki, ya dube ni ya ce, "Ɗana, kuɗin da kake binnewa a inda ba mai gani ya isa a yi wa gidan nan tayil har zaure." Na ce, "Baba, ku yi haƙuri mu gama ɗaki ɗaya, ku ɗora hannu a kan silin bayan azahar." Ya ɗora, ya shiga ɗakin da ba a taɓa ba ya sake ɗorawa, ya dawo ya ci gaba da aikinsa.

Ɗakunan haya duka hanyar farko muka bi da su. Mun tsawaita bakin rufi ya inuwantar da bango, musamman na yamma da ke shan ranar la'asar ya riƙe zafin har tsakar dare. A bangon baya muka fasa ƙananan tagogi can sama, inda mai wucewa ta lungu ba zai leƙa ba, domin matan gidan sun ce sutura ta fi musu sanyi muhimmanci, kuma gaskiyarsu ce. Ragar sauro tana rage ƙarfin iska, saboda haka muka ƙara faɗin tagogin, muka rataya fankar sama a kowane ɗaki.

Ɗakin Hajiya, mahaifiyarmu, shi kaɗai muka toshe. Muka cire luba muka sa taga mai roba a gefe, muka liƙe ƙasan ƙofa da ramukan wayar lantarki. Da yake ba mu da fankar gwaji, turaren wuta na kunna na bi gefen taga da kusurwoyin silin, duk inda hayaƙin ya karkata na san akwai kafa. A nan ne ƙa'idar Turai take juyewa: a can shingen laima, wato shimfiɗar da ke hana laima ratsa bango, ta cikin ɗaki ake sa shi, a nan kuwa laimar daga waje take, don haka ta waje ya kamata a tare ta, in ba haka ba raɓa za ta taru a cikin bango ta haifar da fumfuna. Ɗaki a toshe kuma yana bukatar sabuwar iska, sai muka sa ƙaramar fanka mai matata, wadda ke tare ƙurar hunturu. Na'urar sanyaya ɗakin da muka saya ƙarama ce, mai taurari da yawa a tambarin Hukumar Makamashi ta Gana, alamar ba ta cin wuta sosai.

Gidan ba zai sami takardar shaidar Passivhaus ba, kuma ban nema ba, domin gilashi mai ruɓi uku da injin musayar iska sun fi ƙarfin aljihun magada. Amma ko an ɗauke wuta da rana, ɗakin Hajiya yana riƙe sanyinsa na tsawon lokaci, 'yan haya kuma sun rage fitar da tabarma tsakar gida da dare. Damuwata yanzu ita ce benen da maƙwabcinmu na kudu maso yamma ya fara ɗorawa, domin daga can ne iskar damina take zuwa, kuma idan ya tare ta sai mun ɗaga tagogin baya zuwa saman rufi.