Ƙofar Kano ta ƙasa: abin da siminti ba ya mayarwa

Wanda ke Jos ba sai ya je Kano ba kafin ya ga yadda ake gina ganuwa. A harabar gidan tarihi, a sashen gine-ginen gargajiya da ake kira MOTNA, akwai kwafin ganuwar Kano da ƙofarta da na masallacin Juma'a na Zariya, dukkansu ginin ƙasa ne. A matsa kusa a duba inda yaɓe ya ɓare, za a ga tubali jere, kowane da faɗin gindi da tsinin kai.

Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar Kano ta asali. Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Ƙofa a lokacin ba ado ba ce. Ƙunci gare ta, da ƙyaure mai nauyi da ake rufewa da dare, ga Sarkin Ƙofa yana lura da mai shiga da mai fita. Wasu tsofaffin ƙyauren suna Gidan Makama, gidan tarihin Kano, har yau.

Ga yadda ginin yake. Ana kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, sannan a mulmula tubali da hannu a shanya kamar mako biyu. Magini yana jera shi tsini sama, ya cike tsakani da kwaɓi, kuma ba ya ɗora sahu da yawa a rana ɗaya, don ɗanye ba ya ɗaukar ɗanye. Bango yana farawa da kauri, yana sirancewa yayin da yake hawa. Rufin kuwa azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Sai dai azara ɗaya ba ta tsallake fiye da kamar mita 1.8 ba tare da ta lanƙwashe ba, shi ya sa ake ɗora ta hawa-hawa daga bango biyu har su haɗu. A ƙarshe a shafe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, ko laso mai katsin marina.

Ruwa ne abokin gaba, kuma a wurare biyu yake kisa: sama da gindi. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, azara ta jiƙe. Ko kuma ruwan da ke zuba ya dinga cin gindin bango har ya rarake. A Jos, inda damina ta fi ta Kano tsawo da ƙarfi, shekara ɗaya aka tsallake yaɓe sai an gani a jikin ginin.

Babban kuskure shi ne shafa siminti a kan ƙasa, wai don a huta. Siminti ba ya kama ƙasa, yana kuma kulle laima a ciki. Waje sumul, ciki yana narkewa, wata rana sai ya zubo falle guda da rabin bangon.

Da aka rushe Ƙofar Na'isa, ɗaya daga ƙofofin Kano, a 2010 don faɗaɗa titi, an sake gina ta da kayan zamani. Suna ya tsira, mota ta samu hanya. Amma faɗin da aka auna don doki da raƙumi ya tafi, haka ma yaɓen da ke sa maginan unguwa su koma kanta kowace shekara da yaransu, suna koya musu aiki.