Ƙirga tsuntsaye a busasshen daji, zuwa ɗaya ba ya isa

Abin da ke damuna shi ne mutum ya shiga daji mai ƙarancin ruwan sama da tsakar rana, ya ga kurciya biyu da shirwa ɗaya, ya fito yana cewa wai wurin ba tsuntsaye. Haba dai. Da rana tsaka ai duk sun lafe a inuwa, ko kuka ba sa yi.

Masu wannan aiki da asuba suke fita. Ka tsaya wuri guda da madubin hangen nesa kamar minti 10, duk wanda ka gani ko ka ji kukansa ka rubuta, sai ka matsa gaba kamar mita 200 don kar ka ƙirga tsuntsu ɗaya sau biyu, kuma kunne fa ya fi ido aiki a nan, don da yawansu kalar ƙasa gare su, suna gabanka amma wallahi ba ka ganinsu sai sun motsa.

Sannan lokaci. A Sahel shamuwa da damina take zuwa, ruwa na ɗaukewa ta yi kudu, su kuma tsuntsayen Turai a lokacin suke sauka bayan sun ƙetare Sahara. Wanda ya ƙirga a Agusta da wanda ya ƙirga a Janairu sai ka rantse ba daji ɗaya suka shiga ba. A 1969 masu ƙirga a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu sosai, akasarinsu ba su dawo daga Sahel ba, da aka bi sawu ashe farin da aka yi a Sahel ne ya cinye su. Ba don ana rubutawa duk shekara ba, wa zai lura?

Ni abin da na fi so a riƙa haɗawa da shi shi ne sunan bishiyar da tsuntsun ke kai. Gawo da rani yake da ganye da fure, ƙwari na taruwa, sai ka tarar da ƙananan tsuntsaye cike a kansa, haka aduwa da sauran masu ƙaya. Darbejiya kuwa ga inuwa ga kore shar, amma kaɗan ne ke neman abinci a cikinta, shi ya sa idan aka sare gawo aka dasa darbejiya adadin bishiya bai ragu ba a takarda, tsuntsayen ne za ka nema ka rasa.