Tsakanin Yaye da Aji Ɗaya

Idan ana maganar renon yaro a ƙasar Hausa, hankalin mutane ya fi karkata ga lokuta biyu. Na farko shi ne lokacin goyo da shayarwa, inda dangi da maƙwabta suke taya uwa da shawarwari har su yi mata yawa, na biyu kuma lokacin da yaro ya shiga firamare aka fara tambayar na nawa ya zo a jarrabawa. Shekarun da ke tsakani, wato daga yaye zuwa shekara biyar ko shida, ba a cika tattauna su ba, domin ana ganin yaro ya tsaya da ƙafafunsa, yana cin abin da kowa yake ci, yana kuma iya nuna inda yake masa ciwo. Ɗana yana cikin waɗannan shekaru yanzu, ya haura huɗu da 'yan watanni, kuma abin da nake gani kullum a gidanmu a Kano ya tabbatar mini cewa aikin da ke wannan tsakanin ya fi yadda ake ɗaukarsa nauyi, kuma mafi yawansa aiki ne na haƙuri da magana.

Da safe sanya kaya shi ne abin da ya fi cin lokaci, saboda a 'yan watannin nan ya ƙudurta cewa shi zai riƙa shirya kansa. Da zarar na ɗauko rigarsa sai ya ce, "Umma, bar ni, ni zan sa." Yakan zura kansa ta inda hannu ya kamata ya fito, ya cire ya sake, ya ɓalla maɓallin sama a rami na biyu har rigar ta karkace, sannan ya sa takalmin dama a ƙafar hagu ya miƙe yana kallona yana jiran yabo. A daidai lokacin koko yana hucewa, mai adaidaita sahu kuma yana jira a ƙofar gida. Na zaɓi in riƙa tashinsa da wuri in bar shi ya yi da kansa, sai dai in nuna masa inda ya karkace ya gyara, domin yaron da ake karɓe wa kowane aiki saboda sauri yakan daina gwadawa, daga baya kuma a dawo ana yi masa faɗa a kan cewa ba ya iya komai.

Batun abinci bai cika ba ni wahala ba tun da na gane abu biyu. Idan ya sha alawa ko lemon kwalba daga shagon ƙofar gida kafin azahar, to tuwo da miyar kuka ba za su shiga ba ko da lallashi, kuma yakan ci fiye da yadda ya saba idan aka zuba musu a faranti ɗaya da 'ya'yan maƙwabta.

Abin da ya fi cika yinin shi ne tambaya. Yana son ya san dalilin da ya sa wata yake bin mu idan muna tafiya da dare, da inda wuta take zuwa idan an ɗauke ta, da abin da ya hana akuya magana alhali tana da baki. A Babbar Sallar da ta wuce, bayan ya yi kwanaki yana ba ragon layya dusa da hannunsa, ya tsaya ya ga an yanka shi, ya kuma yini yana tambayata ko ragon zai tashi gobe. Na zaunar da shi na gaya masa gaskiya daidai hankalinsa, cewa ba zai tashi ba, cewa Allah ne ya halatta mana, kuma za mu raba naman ga maƙwabta da waɗanda ba su samu damar yanka ba. Bai gamsu nan take ba, ya sake tambaya washegari, na sake ba shi amsar da na ba shi jiya. A gidaje da yawa amsar irin wannan tambaya ita ce, "Kai, ka cika surutu," ko "Yaro ba ya tambayar wannan." Ina girmama kunya da ladabin da aka rene mu a kansu, ina kuma koya wa ɗana ya durƙusa idan zai gaida babba, ya karɓi abu da hannun dama, kada ya katse manya idan suna magana. Amma ban ga inda ladabi ya yi karo da amsa wa yaro tambayarsa ba. Da waɗannan tambayoyin yake gina harshensa da tunaninsa, kuma idan aka saba rufe masa baki yana ɗan shekara huɗu, da wuya ya zo wa iyayensa da tambayar da ta fi wannan nauyi idan ya kai shekara goma sha huɗu.

Akwai wata ɗabi'a da na roƙi kowa a gidanmu ya bari, wato tsorata yaro da dodo ko da mai allura don ya yi shiru. Tsoron dodo yakan hana shi fita fitsari da dare, tsoron allura kuma yakan dawo kanmu ranar da muke bukatar ya natsu a gaban ma'aikacin lafiya, kuma irin wannan ranar ba ta da wuyar zuwa a waɗannan shekaru. Da damina ma'aikata sukan bi gida gida suna raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara daga wata 3 zuwa wata 59, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa tun 2012 ga yankunan da zazzaɓin yake tsananta a lokacin ruwa. Ana ba da shi sau ɗaya a wata, amma kowane zagaye na kwana uku ne: na ranar farko a gaban ma'aikatan ake sha, na kwana biyun da suka rage kuma a hannun uwa ake bari, kuma a nan ne ake yawan samun sakaci. Maganin ba ya maye gurbin gidan sauro, kuma idan jikin yaro ya yi zafi, gwajin jini ya kamata a fara yi kafin a nufi kemis. Haka nan masu ɗigon rigakafin shan inna har yanzu suna zagawa suna sa wa yara alama a ɗan yatsa, ko da yake tun watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa Nijeriya da sauran nahiyar Afirka sun rabu da asalin nau'in cutar, saboda akwai wani nau'in da kan ɓulla a wuraren da yara da yawa ba su samu rigakafi ba. Yaron da aka gaya wa cewa waɗannan mutane taimakonsa suka zo yi yakan buɗe baki da kansa.

Makarantar nazare ita ce abin da ya fi damuna. Ina ganin yara 'yan shekara uku suna goye da jakar da ta rinjaye su, suna dawowa da aikin gida na rubuta lambobi shafi guda, alhali yatsunsu ba su gama iya riƙe fensir ba. Iyaye da yawa kuma suna auna ingancin makaranta da yawan Turancin da yaro yake dawowa da shi, har wasu makarantun suna hana yara magana da Hausa ko a filin wasa. Manufar ilimi ta ƙasa da aka fara fitarwa a 1977, a wancan lokaci ta tanadi a koyar da ƙananan yara da harshen uwa ko harshen yankinsu, kuma hikimar hakan a fili take ga duk wadda ta taɓa zama da yaro: da harshen da yake tunani da shi yake fahimtar sabon abu. Ina son ɗana ya iya Turanci sosai, amma ba na son a same shi ta hanyar sa masa jin kunyar harshen da yake magana da kakarsa. Da yamma yana zuwa Islamiyya, inda ya haddace Fatiha da wasu gajerun surori ta hanyar ji da maimaitawa, abin da ya dace da shekarunsa. Sai dai idan aka haɗa boko da safe da Islamiyya da la'asar, lokacin wasa yakan ƙanƙance, shi ya sa nake tsare masa 'yan sa'o'in da ke tsakani. A nan ne yake yin tuwon ƙasa da yaran maƙwabta, su haɗa motar kara, su gara tsohuwar taya a lungu, su yi rigima a kan wanda zai fara su kuma sasanta da kansu.

Babban abokin hamayyar wannan wasa shi ne wayar hannu. Babu uwar da ba ta san sauƙin miƙa wa yaro waya don ta samu ta gama girki ba. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 sun ce kada yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana a zaune gaban allon waya ko talabijin, kuma ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 da motsa jiki na aƙalla minti 180. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne in jawo shi cikin aikin da nake yi: ya taya ni tsince wake, ya miƙo ludayi, ya watsa wa kaji tsaba, muna yi muna ƙirga abubuwa muna faɗin sunayensu.

Bayan isha'i kakarsa ce take karɓar sa. Takan ce, "Maigida, zo ka ba ni kuɗin cefane," shi kuma ya zura hannu a aljihun da babu komai ya miƙa mata, sannan ta fara da "Ga ta nan, ga ta nanku," ya amsa da ƙarfi, "Ta zo mu ji ta." Ya san labaran Gizo da Ƙoƙi har yakan gyara mata idan ta sauya wani wuri, a kwanakin nan ma ya fara ƙirƙiro nasa yana ba mu.

Inda muka fi daɗewa muna tattaunawa da mahaifinsa da kakarsa Hajiya shi ne batun horo. Ana yawan kafa hujja da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ana nufin bulala. Ni kuwa ina tuna hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, wanda ya nuna cewa ko salla sai yaro ya kai shekara bakwai ake umurtarsa da ita, maganar hukunci a kanta kuma sai ya kai goma. Idan haka lamarin salla yake, ban ga hujjar dukan ɗan shekara huɗu don ya zubar da ruwa ko ya yi fitsarin kwance ba. Abin da muka daidaita a kai shi ne, idan ya yi ɓarna sai ya gyara da hannunsa gwargwadon iyawarsa, idan ya doki wani yaro sai a janye shi daga wasan ya zauna kusa da ni har ya huce sannan ya je ya ba da haƙuri, kuma abin da ɗayanmu ya hana, ɗayan ba zai ba shi a bayan ido ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi yi wa Hajiya wuya saboda tausayin jika, don haka muka bar mata ranar Juma'a ta ba shi alawarsa bayan ya dawo daga masallaci da mahaifinsa ya kuma ci abincin rana.