Kofi uku na Syrah a gindin dutsen Hermitage

Ina cikin shekarata ta biyu a wani gidan cin abinci a birnin Liyon na Faransa mai gidan ya kira ni, ya ce lokaci ya yi da zan daina kai wa baƙi kwalbar da ban san abin da ke cikinta ba. Ni mutumin Dogondutsi ne, ɗan Katolika. Na san galibin masu karanta wannan ba sa shan giya, kuma ban rubuta don in kwaɗaita wa kowa ba. Sana'a ce da nake ci da ita, kuma a cikinta aka koya mini yadda ake yi wa abu hukunci.

Ya haɗa ni da dattijuwar da ke kula da ɗakin giyarmu. Wata safiya ta watan Fabrairun 2023 muka hau jirgin ƙasa zuwa Tain-l'Hermitage, tafiyar kusan awa ɗaya kudu, muna bin kogin Rhône. Tun da daddare ta gargaɗe ni: kada in fesa turare, kada in ci yaji da safe, kada in sha gahawa gab da isarmu.

Kana sauka a tasha dutsen Hermitage na kanka, da 'yar majami'a a ƙolinsa. Duk gonakin inabin da aka yarda giyarsu ta ɗauki wannan suna ba su kai hekta 140 ba. A watan sanyi babu ganye ko ɗaya, sai kututturan inabi baƙaƙe, kowanne ɗaure da turkensa saboda iskar arewa da ke ratsa kwarin. Daga garin Vienne zuwa Valence a kwarin Rhône, duk jan giyar da ta yi suna daga inabi iri ɗaya take fita, Syrah. A yankin Côte-Rôtie doka ta yarda a haɗa da farin inabi na Viognier har kashi 20 cikin 100, a yankin Cornas kuwa ba a yarda a sa komai ba. Na taɓa jin cewa daga birnin Shiraz na Iran aka kawo irin. Dattijuwar ta ce tatsuniya ce: binciken ƙwayoyin halitta na 1998 ya nuna iyayensa biyu, Dureza da Mondeuse Blanche, duk 'yan kudu maso gabashin Faransa ne.

Manomin da muka je wurinsa ƙaramin mai gona ne, tafin hannunsa duk kanta. Ya sauka da mu ɗakin ƙasa, inda sanyi ke shiga ƙashi, ya jera kofunan gilashi uku a kan ganga, da bokitin tofarwa a gefe. Mai ɗanɗano ba ya haɗiyewa, in ba haka ba kafin kofi na biyar ya rasa kansa da harshensa. Ya juya kwalaben don kada in ga rubutunsu.

Na bi ƙa'idar da aka koya mini. Na karkata kofin farko a kan farin ƙyalle: ja mai duhu, bakinsa na ɗaukar shuɗi-shuɗi, alamar ƙuruciya. Na kai hanci. Abin da ya buge ni warin ƙonanniyar taya ne, da ɗan warin ruɓaɓɓen ƙwai a bayansa. Ban ko kurɓa ba na ajiye, na ce wannan ta lalace. Na faɗa da ƙarfi, don ina son su san ina da hanci. Manomin bai ce uffan ba. Ya juye sauran kwalbar a wani tulun gilashi mai faɗin gindi ya ture shi gefe.

Kofi na biyu ya fi sauƙin kai. Amma da dattijuwar ta ce in faɗi abin da nake ji, sai na soma jero sunayen da na haddace a littafi: irin 'ya'yan itatuwan dajin Turai, da wani fure mai ruwan hoda da ban taɓa shinshinawa ba. Ta ɗaga hannu.

“Ɗana, ka taɓa cin waɗannan abubuwan?”

Na ce a'a, Madam.

“To me ya sa kake ba ni hancin wani? Faɗa mini abin da kai ka sani.”

Na sake shinshinawa, na rufe ido. Abin da ya zo mini ɗinya ce, nunanniya, irin wadda muke tsinta a ƙarƙashin itace bayan damina, baƙa, mai zaƙin da ba ya ihu. Bayanta masoro, sabon dakawa, kamar an buɗe turmi. Can ƙasa kuma hayaƙin tukubar mai tsire da yamma, lokacin da kitse ke ɗiga a garwashi. Na fassara musu ɗaya bayan ɗaya. Manomin ya yi murmushi a karon farko, ya ce masoron nan shi ne sa hannun Syrah ta arewacin kwarin. Akwai wani sinadari a fatar inabin, rotundone, wanda masu bincike a Ostireliya suka gano a cikin giyar a 2008, kuma shi ɗin ne ke cikin masoro. Yana fi yawa a shekarar da ta yi sanyi, kamar 2021, wadda ƙanƙarar watan Afrilu ta ƙone wa manoma da yawa tohonsu. Ya ƙara da cewa wajen mutum ɗaya cikin biyar ba ya jin ƙanshin nan sam, komai yawansa. Tun ranar na daina gardama da baƙon da ya ce bai ji abin da na ji ba. Wataƙila gaskiyarsa ce.

Na ukun ne ya fi ba ni wahala, kuma a kansa na fi daɗewa. Da na kurɓa, na ja iska ta tsakanin haƙora, na zagaya da ita a baki na tofar, sai dasashina ya bushe, harshe ya manne da ganda. Na kusa cewa ba daɗi. Sai na tuna da kakata da goronta. Yaro in ya fara cin goro tofarwa yake, don bauri kawai yake ji. Babba kuwa ya san akwai baurin ɗanyen abu mai kartar baki, akwai kuma baurin goro mai kyau wanda in ka yi haƙuri ka kurɓi ruwa sai zaƙi ya biyo baya. Na tsaya ina lura. Baurin nan mai laushi ne, kamar garin da aka tankaɗe sau biyu, kuma bayan na tofar ɗanɗanon bai gudu ba. Na ƙirga a zuci har ashirin yana nan. Akwai tsami ma, mai tsabta irin na zoɓon da ba a sa wa sukari ba, wanda ke sa yawu ya dawo. Na ce musu wannan ba ta nuna ba tukuna, amma tana da ƙashi. Giyar Cornas ce, daga gangaren dutse mai kallon rana. Manomin ya ce baurin daga fata da ƙwallon inabin yake fitowa, shi ne ke riƙe giya ta yi shekara goma ko fiye a kwalba, yana laushi a hankali.

Muka hau sama muka ci burodi da cuku. Da muka dawo, bayan kamar awa ɗaya, ya miƙo mini kofi na huɗu. Masoro, ɗinya, ɗan ƙanshin zaitun baƙi, komai a fili, ba nauyi. Na ce cikin duka wannan zan kai wa baƙo yau da daddare.

Ya nuna mini tulun da ya ture gefe. Ita ce ta farko, giyar yankin Crozes-Hermitage ta 2021, wadda na yanke wa hukuncin lalacewa.

Ya yi mini bayani ba tare da ya kunyata ni ba. Syrah inabi ne da giyarsa ke saurin shaƙewa in ta daɗe ba ta sha iska ba, sai ta riƙa fitar da warin farar wuta. Sau da yawa in aka juye ta aka ba ta lokaci, warin ya tafi. Lalacewa ta gaskiya daban take. In toshiyar kwalba ce ta ɓata giya, za ka ji warin jiƙaƙƙen kwali ko ɗakin da ya yi fumfuna, kuma wannan ko kwana za ta yi a tulu ba ya fita, ƙaruwa ma yake. Abin da ya dame ni a hanyar komawa shi ne lissafin aikin da na yi watsi da shi cikin daƙiƙa biyar: mutumin nan ya kwana a gona a daren ƙanƙara, ya tsinke abin da ya tsira da hannu, ya yi renonsa fiye da shekara, ni kuwa ko kurɓa ban yi ba.

Na sayi ƙaramin littafi a tashar Tain. A ciki nake rubuta kowace kwalba da Hausa, sannan in nemi Faransancinta in baƙo ya tambaya. Akwai shafin da ya ce kanumfari da fatar Zinder sabuwar jima, akwai wanda ya ce tsamiya da ƙasa bayan ruwan fari. Ina rubuta lokacin da na buɗe, in sake rubutu bayan rabin awa, kuma ba na sa maki sai a layi na biyu. Na kuma koyi kada in kai Syrah teburi da ɗumi. Tsakanin digiri 16 da 18 take so, in ta wuce haka zafin barasa ya rufe masoron.

Wata uku bayan tafiyar, wani baƙo ya nemi Syrah ta yankin Saint-Joseph da gasasshen naman rago. Na buɗe a gefen teburi, na zuba kaɗan, na shinshina. Jiƙaƙƙen kwali. Na juya kofin, na jira, na sake kai hanci, yana nan daram. Na ce masa, ranka ya daɗe, ka ba ni minti biyu in kawo wata. Na kai kwalbar ɗakin ƙasa, dattijuwar ta shinshina sau ɗaya, ta ɗauki alli ta ja mata layi, ta miƙo mini sabuwa.