Shigar Burtu da Neman Hujja: Abin da Na Koya Daga Sage Grove

A karatun aikin jarida na bincike, babu abin da ya fi ɗaukar hankalin ɗalibai kamar shigar burtu, wato ɗan jarida ya ɓad da kama ya kutsa inda ake ɓoye ɓarna. Da aka ba mu aikin nazarin irin wannan bincike, na zaɓi zango na biyu na shirin The Boys, wanda Amazon ta fitar a 2020, inda mutum uku, Frenchie da Kimiko da Mother's Milk, suka sa kayan ma'aikata suka shiga Sage Grove. A fili asibitin masu taɓin hankali ne, a ɓoye kuwa nan kamfanin Vought yake gwada sinadarin Compound V a jikin manyan mutane domin ya ba su ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam.

Shigarsu ba ta yi wuya ba, domin a irin wannan wuri ba wanda ke ɗaga kai ya dubi ƙaramin ma'aikaci. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da suka fito da shi. Sun ga majinyata a kulle, sun ga yadda ake ƙone wanda aka gama da shi don kada ya zama shaida, amma ganinsu ba zai tsaya a gaban majalisa ba, tun da su kansu hukuma nemansu take yi. Hujjar da suka samu ita ce Lamplighter, mutumin da ake sa wa aikin ƙonawar, wanda laifinsa ya daɗe yana cin zuciyarsa har ya amince zai ba da shaida. Kafin ranar zaman majalisa ya cinna wa kansa wuta, kuma a ganina waɗanda suka riƙe shi sun ɗauke shi makami ne, sun manta cewa mutum ne da ke gab da karyewa.

Wannan ba ƙirƙirar marubuta kaɗai ba ce. Gwajin Tuskegee a Amurka, inda aka bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani daga 1932 zuwa 1972, ya tonu ne saboda Peter Buxtun, tsohon ma'aikacin hukumar lafiyar da ke gudanar da gwajin, ya gaji da kai ƙorafi a cikin gida, ya miƙa takardu, Jean Heller ta kamfanin dillancin labarai na AP ta buga labarin.

Tun daga nan na sauya yadda nake tsara aikina. Kafin in yi tunanin ƙofar da zan bi, sai na fara tambayar kaina wane ne a ciki lamirinsa ke damunsa, wace takarda ce za ta gaskata maganarsa ko da ba ya nan, kuma wa zai tsaya masa idan sunansa ya fito, domin shi ne zai rasa aikinsa, wataƙila har da ransa, bayan ni na koma gida.