Takardar da babu maki a cikinta

Ƙannena ɗaliban jami'ar ABU Zariya, na Samaru da Kongo, ga wani kuskurena, ku karɓa kyauta.

Muna aji uku wani malaminmu ya shigo da wata takarda mai shafi biyu, ya ce gwaji ake yi, in ta yi amfani a raba wa sauran ɗalibai. Duk ƙarshen zango za ka rubuta wani aiki da ka yi, a aji ko a waje: wace matsala ta taso, yaya ka fita daga cikinta, wa zai iya ba da shaida. Tambayarmu ta farko ita ce, "Malam, da maki?" Ya ce babu. Tawa a ranar na naɗe awara da ita.

Bayan na gama bautar ƙasa aka kira ni intabiyu a wani kamfani a Kaduna. Wata hajiya cikin masu tambayar ta ce, "Ba mu misali ɗaya da aka damƙa maka kuɗi ko mutane, ka riƙe." Na karanto mata sakamakona, na ƙara da cewa ina da ƙwazo da haƙuri. Ta ce duk wanda ya zauna a kujerar nan tun safe haka ya ce. Na yi tsuru-tsuru.

Sai da motarmu ta wuce Jaji amsar ta faɗo mini. Shekara biyu ina ma'ajin ƙungiyar ɗaliban garinmu, ina tatsar kuɗin wata daga hannun mutanen da garin kwaki ke riƙe da su, kuma ko sisi bai taɓa ɓata ba. Ni ke shirya motar tafiya gida da Sallah. Duk hutu ina shagon kawuna a Sabon Gari, littafin bashi a hannuna, ina bin manya da suka haife ni ina karɓowa ba tare da an ɓata ba. Wannan fa shi hajiya ke nema. Ni kuwa a wurina sunansa wahala.

Ga kuma SIWES, shirin da ake tura ɗalibai wuraren aiki su koyi aiki a aikace. Hukumar ITF, mai kula da horar da ma'aikatan masana'antu, ta kafa shirin a 1973 saboda masu ɗaukar aiki na kukan cewa ɗalibai na fitowa da karatu babu aikin hannu. Littafin rahoton da ake ba mu don mu riƙa rubuta abin da muka yi kullum, ni a makon ƙarshe na cika shi, daga na abokina. Wata shida suka tafi, ban iya tuna ko na mako ɗaya ba.

Na san abin da ke riƙe mu: an tashe mu da "yabon kai jahilci". Amma cewa "na iya shugabanci" daban, cewa "na riƙe kuɗin mutum sittin shekara biyu, ga lambar shugabanmu ku tambaye shi" daban. Na biyun ba yabon kai ba ne, faɗin abin da ya faru ne kawai. Ku buɗe wuri a wayarku, ranar da kuka warware wani abu ku rubuta a daren, da adadi da sunan shaida. In kuma sashenku ya kawo irin wannan gwaji, ku cika, sannan ku gaya wa malamin inda takardar ta gaza. In babu gurbin kasuwa, ko ɗinki, ko koyarwa a Islamiyya, ku ce a saka, ai dalilin gwajin ke nan.

Bara na haɗu da malamin nan a kasuwar Samaru yana cinikin tumatir. Na tambaye shi takardar. Ya ce an ajiye maganar, waɗanda suka mayar masa ba su cika yatsun hannu ba. Ban gaya masa inda tawa ta ƙare ba.